Shafuka Arba'in da Uku

Vivian ce ta koya wa Hafsat yin kek. Shekara uku da suka wuce, Hafsat kan hau keke-napep daga Makera zuwa Narayi kullum, ta tsaya a kicin ɗin Vivian tana fasa ƙwai tana wanke kwanonin gashi. Yanzu Hafsat na da shagonta a Barnawa, kuma duk bidiyon da ta ɗora a intanet sai dubban mutane sun kalla. Vivian kuwa tana nan a kicin ɗinta, odar da take samu ba ta wuce ta 'yan cocinsu da maƙwabta.

Wata ranar Alhamis da hantsi Vivian na zaune gaban laftof, tana son tura wa wata amarya hoton kek ɗin da za ta yi mata, sai burauza, wato manhajar shiga intanet, ta ƙame. Fankar cikin laftof ɗin na ta huci, ƙasanta ya yi zafi. Sati biyu ke nan tana fama da haka. Mijinta Bitrus ya ce a kai wa masu gyara a Kasuwar Bacci a goge komai, ita kuma tana tsoron rasa hotunanta.

Ana haka Hafsat ta yi sallama. Ta zo aron babban kwanon gashi mai hawa uku.

"Anti, lafiya kike harara kwamfuta haka?"

"Ta tsufa ne, kamar mai ita."

Hafsat ta yi dariya, ta ajiye jaka. Ta ɗan yi karatun kwamfuta kafin ta kama sana'ar kek, don haka ta jawo kujera. "Bari in gani. Sau da yawa burauza ce ke cinye memori, sai komai ya tsaya."

Ta danna wasu maɓallai, wani ɗan allo ya fito mai nuna abin da kowane shafi ke ci. A nan Vivian ta tuna abin da ke buɗe, amma ta makara.

"Ga matsalar nan, Anti. Shafuka arba'in da uku a buɗe, yawancinsu bidiyo, kowanne yana jan nasa. Sai kuma wata ƙaramar manhaja ta sauke bidiyo da aka liƙa wa burauzar, ita kaɗai ta..."

Hafsat ta tsura wa allon ido. Sunanta ne a jere a kan shafukan, daga sama har ƙasa. Bidiyon kek ɗin bikin Asabar, na sunan jariri, wanda ta yi wa fure da sukari, har da na bara da ita kanta ta manta da shi.

"'Yata ce ke buɗewa," in ji Vivian da sauri.

"To."

Hafsat ta cire manhajar, ta fara rufe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Hucin fankar ya soma raguwa. Da ta zo kan bidiyon furen sai ta ce a hankali, "Wannan ai ke kika koya min shi. A kan teburin nan."

"Na sani. Sau nawa na kalla ina jira in ji kin faɗa." Vivian ta kawar da kai daga allon. "Mutum dubu tara suna ce miki mai hannun zinariya. Ni da na riƙe hannun naki har ya daina rawa, ko sunana babu."

Hafsat ta sunkuyar da kai. "Wallahi ban yi tunani ba, Anti. Ki yafe min."

"Ɗauki kwanonki. Yana bayan firij."

Hafsat ta kashe laftof ɗin ta sake kunnawa. Nan da nan ta buɗe, hoton amarya ya tafi cikin ƙiftawar ido. Ta nuna wa Vivian inda za ta riƙa adana shafi maimakon barinsa a buɗe, sannan ta ɗauki kwanon ta fita. Vivian ba ta raka ta ba.

Washegari Hafsat ta ɗora wani tsohon hoto, su biyu da garin fulawa a hannu, ta rubuta cewa wannan ce malamarta, ta sa lambar wayar Vivian a ƙasa. Bitrus ne ya nuna wa Vivian, yana ta murna.

Kafin azahar wayar Vivian ta yi ƙara sau huɗu. Mace ta farko ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Madam, ke ce malamar Hafsat? Ta ce min babu fili a wajenta har ƙarshen wata. Za ki iya min irin nata sak, mai furen nan?"

Vivian ta jawo takarda da biro.

"Zan iya," ta ce. "Hawa nawa kike so?"