Nonon Kazar Malam Maman Sani

Kwana ashirin da uku Malam Maman Sani ya yi a kwance, kuma a cikinsu babu abin da matarsa Ladi ba ta ɗora a wuta ba. Zazzaɓin da ya kwantar da shi ya sake shi tun tuni, sai dai ya tafi da bakinsa. Ta dama kunun tsamiya, ya kau da kai. Ta dama fura mai laushi, ya ce warin ƙwarya take yi. Ta yanka ɗan zakaran da take tattali ta yi farfesu, ya shinshina ya ce a miƙa wa maƙwabta. Likita ya hana shi azumi, sannan ya ja Ladi gefe ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: magani ya gama nasa aikin, in tsohon nan bai fara sa wani abu a cikinsa ba, jikin ba zai kai shi ko'ina ba.

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah Birnin Konni ta tashi da rawar kai. 'Yan kabu-kabu na ta kai da kawo, kekunan teloli ba su huta ba, ƙamshin suyar cincin ya cika unguwa tun kafin rana ta yi zafi. Ladi ta shiga ɗakin mijinta ta durƙusa a bakin gado.

"Malam, don girman Allah, mi ranka ka so? Hwaɗi ko mine ne, in yi ma."

Ya kalli rufin ɗaki. Can ya motsa baki, muryar kamar ba tasa ba.

"Nonon kaza."

"Na'am?"

"Nonon kaza nika so. Mai sanyi."

Ladi ta fito tsakar gida. Ta san irin wannan. Kawunta na Tajaye, saura kwana uku ya rasu, cewa ya yi a ɗaura wa jakinsa akumari, jakin da aka sayar shekara ashirin baya. In mara lafiya ya fara neman abin da babu shi a duniya, hankalinsa ya riga ya yi gaba. Ta zauna a kan turmi ta rafka tagumi.

A haka Kaltume ta same ta. Kaltume Bafillatana ce daga rugar da ke hanyar Alela, shekara talatin tana kawo madara gidan, kuma a duk shekarun ba a taɓa rufe mata baki ba. Ta sauke ƙwarya ta dubi Ladi.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna. Malam ne. Wai nonon kaza shika so."

Kaltume ta dubi Ladi, ta dubi wata baƙar kaza da ke tonon ƙasa a gindin randa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe baki da gefen mayafi, abin ya ƙi toshuwa, ya fito ta hanci. Ta zube a ƙasa tana bugun cinya.

"Ladi, na tatsi saniya, na tatsi akuya, na tatsi tunkiya. Raƙuma ma na tatsa wajen Buzaye. Kaza dai ban taɓa zama ƙarƙashinta ba."

"Mutum na kwance ke kina dariya."

"Ai ba dariya nikai ba. Tambaya nikai, a zaune aka tatsa ta ko a tsaye?"

Ladi ta buɗe baki za ta zage ta, sai dariyar ta kubce mata. Sati uku ba ta yi dariya ba, don haka da ta zo ba ta zo da sauƙi ba. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba, ita kanta ba ta san na wanne ne ba. Da suka ɗan lafa, Kaltume ta share ido ta ce ai Malam ba mutumin banza ba ne, ya yi yawon duniya, wa ya sani ko akwai abin da kaza ke ɓoyewa a ƙarƙashin gashin nan. Ko wa ya taɓa dubawa da kyau?

Babu wanda ya taɓa dubawa. To, matan nan biyu, kowacce ta ba sittin baya, da azumi a bakinsu, suka tashi suka bi kaza. Ta shige bayan rumbu, Kaltume ta tare can. Ta haye kan tulin itace, Ladi ta jefa mata zane. Tsintsiya ta faɗi, kwanuka suka watse, akuyar maƙwabta ta leƙo ta kan katanga. Da ƙyar Kaltume ta damƙe ƙafafunta ta kifa ta, Ladi ta sunkuya tana buɗa gashin ƙirjin da yatsa, da gaske take yi.

"Salamu alaikum. Inna, mi kukai wa kazar ga?"

Husna ce, autar gidan, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, ta sauko daga mota don Sallah. Tana tsaye a bakin zaure da jaka a hannu. Kaltume ta saki kazar, ta gyara ɗankwali kamar ba ita ba.

"Nono muka biɗa," in ji ta.

Da aka yi wa Husna bayani ba ta yi dariya ba. Ta aje jaka ta shige ɗakin uban, Ladi na biye da ita. Husna ta riƙe hannunsa, ta gaishe shi, ta tambaye shi a hankali ina ya taɓa ganin nonon kaza.

"Malbaza," ya ce. "Gidan Madam."

Ashe kafin ya auri Ladi, yana saurayi, ya yi shekara huɗu yana aikin kuku a gidan wani Bature injiniya na kamfanin siminti. Duk ƙarshen shekara, lokacin bikinsu, matar Baturen takan sa shi ya haɗa wani abin sha na madara da ƙwai. Sunansa da Faransanci ya faɗa, "le da pul", wato nonon kaza, Husna kuwa ta dafe kai. Shi dai fassarawa ya yi don matarsa ta gane, kalma da kalma, bai rage komai ba.

Ladi ta jingina da bango. Hankalinsa na nan, ras. Daɗi ya kama ta har ta rasa abin faɗa, sai ta ɓige da faɗa.

"Shekara arba'in muna tare, ba ka taɓa ce mini ka iya dahuwa ba. Ko ruwan zahi ban taɓa ganin ka ɗora ba."

"Ba ki tambaya ba," ya ce, ya lumshe ido.

Suka fito tsakar gida, Husna ta lalubo yadda ake yi a wayarta, tana karantawa tana fassarawa. Gwaiduwar ƙwai huɗu, sukari, madara, kirfa, gyaɗar ƙamshi. Ta kai wani layi ta tsaya.

"An ce a zuba giya."

"A'uzubillahi. Malam!" in ji Ladi.

Daga ɗaki muryar ta fito, ta ɗan fi ɗazu ƙarfi, wai shi nasa Madam kan ɗibar masa tun kafin a zuba. Kaltume ta ce haka kowa ke cewa. Aka tsallake layin.

Madara dai ga ta, ta safiyar nan, Kaltume ta rantse ko ɗigon ruwa babu. Ƙwai huɗu aka samu a akurkin baƙar kazar, wadda ke can saman rumbu tana hararar kowa. Husna ta tsaya tana bin waya layi-layi, Ladi ta ga abin zai kai su la'asar. Wadda ta yi shekara arba'in a madafa ba waya ce za ta koya mata dama kunu ba. Ta hura wuta sosai, madara ta tafaso, ta fasa ƙwan ta antaya a ciki gaba ɗaya.

Su ukun suka leƙa tukunya. Ƙwan ya dunƙule ya taso sama guda-guda, yana yawo a cikin wani ruwa tsararo.

"Awara ta yi kyau," in ji Kaltume.

Husna ce ta fara faɗuwa don dariya. Ta zauna daɓas a ƙasa, waya a cinya, tana nuna tukunya ta kasa magana. Ladi ta ɗaga ludayi za ta kare kanta, guntun ƙwai ya zame ya faɗa wuta ya yi cuu, shi ke nan ita ma ta tafi. Maƙwabciya ta yi sallama ta kan katanga tana tambaya ko an ga wata ne da rana.

"Kun zuba ƙwai cikin madara."

Suka waiwaya. Malam Maman Sani ne tsaye a ƙofar ɗaki, ya dafa ƙyaure, riga ta yi masa yawa kamar ta aro. Kwana ashirin da uku ƙafarsa ba ta taka tsakar gida ba sai da mai riƙe shi.

"Tun daga ɗaki ni ji warin. Madara aka zuba ma ƙwai, ba ƙwai ma madara ba. Ku ba ni kujera."

Aka kawo kujera inuwar madafa. Husna ta ruga shagon bakin titi ta dawo da ƙwai shida, Kaltume ta ƙaro madara. Tsohon ya zauna ya hau ba da umarni, kuma ba a taɓa ganin mai mulki irinsa ba. A raba gwaiduwa da farin, da ɓawon za a raba, ba da cokali ba. A zuba sukari a kan gwaiduwar. A kawo maburgi. Ladi ta sa maburgi tsakanin tafukanta tana murzawa, ya ce ba miyar kuka ba ce, ta ƙara hannu har sai ta yi fari. A janye itace biyu, madara ba ta son ta tafasa, tururi kawai. A jefa kirfa. Yanzu a ɗebo ludayi guda a tsiyaya a kan ƙwan, siriri, hannu kada ya tsaya.

"A hankali, Ladi. Ba wanka kikai mishi ba."

"Ji mutum. Jiya ko sannu ba ya iya amsawa."

Aka mayar da haɗin tukunya a kan garwashi, ana juyawa. Ya ce a tsoma cokali a ja yatsa a bayansa, in hanya ta tsaya ya yi. Hanya ta tsaya. Aka tace da rariya, aka kankare gyaɗar ƙamshi a kai, aka zaunar da kwanon cikin roba mai ƙanƙara. Abin ya fito ruwan ƙwai-ƙwai, mai kauri, ƙamshinsa ya sa Kaltume haɗiyar yawu tana istigfari.

"To, a ɗanɗana a ji sukari," ya ce.

Matan suka dubi juna. Rana na tsaka, kowacce da azumi. Husna ta buɗe baki za ta ce ai malamai sun ce ana iya taɓawa da harshe a tofar, Ladi ta taka mata ƙafa da ƙarfi. Ta ɗebo cokali ta miƙa wa mijinta.

"Duk gidan ga kai kaɗai ne ba ka azumi. Sai kai."

Ya karɓa ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye. Ladi ta bi maƙogwaronsa da ido har ya sauka.

"Sukari ya yi kaɗan."

Ta ɗauki sukari da yatsu biyu, abin da bai fi ƙwaya goma ba, ta barbaɗa, ta juya da muhimmanci, ta sake miƙa cokali. Ya sha ya ce da saura. Ta ƙara ƙwaya biyar. Ya sha. Kaltume ta gano dawar garin, ta ce ita a ganinta gyaɗar ƙamshi ce ba ta ji ba, a ƙara a ba shi ya ji. Husna ta ce wayar ta ce sai an ɗanɗana daga ƙasan kwano, sannan daga sama. Ladi ta ce cokalin nan ƙarami ne, ba a jin gaskiyar abu da shi, ta ɗauko ludayi. Duk su ukun sun cije leɓe, ba mai iya kallon 'yar uwarta. Tsohon kuwa ya ɗaure fuska irin ta masu aiki, yana sha yana gyara musu kuskure, har ludayi ya fara karo da gindin kwano.

Ya aje ludayin a cinya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, farin kumfa ya kama gemunsa. Ya dubi matarsa.

"Tun cokali na biyu sukarin ya yi daidai."

"Ka sani?"

"Ni da aikina."

"To don mi ka yi ta sha?"

"Na ga yadda kika kallon bakina, Ladi."

Dariyar da ke bakinta ta tsaya. Ta juya ta hau tattara ɓawon ƙwai, wanda ba ya bukatar tattarawa, don kada 'yarta ta ga fuskarta.

"Husna," in ji shi, "buɗe akwati ki hiddo mini farar rigata a goge. Gobe da ni za a Idi. Kuma a samo ƙwai, wanga bai isa baƙi ba."

Husna ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta leƙo ta ce ba ta ga rigar a akwati ba. Ladi ba ta ɗago ba. Sati guda ke nan da ta cire rigar ta kai ƙasan adakarta ta danne da zannuwa, don ta kasa jure ganinta, tana zaton ba zai ƙara sa ta ba.

"Bari," ta ce, ta goge hannu a zane ta miƙe. "Ni na san inda take."