Ƙarfe Biyu da Kwata

Tun da bazara ta kama, kwamfutar Dikko take mutuwa da ƙarfe biyu da kwata na rana. Ba ta gargaɗi. Haulatu tana tsakiyar haɗa bidiyon biki, amarya ta buɗe baki za ta yi dariya, sai gilashin ya yi baƙi, fankokin cikinta su tsaya, ɗakin ya yi tsit har ta ji tantabarun maƙwabta.

Da ƙarfe biyu da kwata wayar mijinta Dikko ta yanke, ranar da motarsu ta kife a hanyar dawowa daga Kusada. Suna cikin magana da ita. "Ki ce wa..." ya ce, shi ke nan. Wata biyar ke nan, ba ta san wa za ta ce wa ba, balle abin da za ta ce.

Da ta gama takaba sai ta zauna a kujerar mijinta ta ci gaba da sana'ar. A gefensa ta koya, kuma mutanen Kankia ba sa fasa biki don mai bidiyo ya mutu. Masu ta'aziyya sun ba ta shawarwari: ta sayar da kayan, ta koma gidan iyayenta, ta yi haƙuri. Haƙurin suka fi bayarwa, shi ne ba ya rage wa mai shi komai.

Ba ta gaya wa kowa zancen lokacin ba. A makon farko tsoro take ji, ƙarfe biyu tana yi ta fice tsakar gida. A na biyu ta fara zama ta jira. A na uku ta tsinci kanta tana wanke fuska, tana gyara ɗaurin ɗankwali tun biyu saura.

Da ta fara jin ƙauri bayan kowace mutuwa, kuma injin yana daɗewa kafin ya yarda ya tashi, sai ta kira yayanta Sada, wanda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare a Kusada. Ya zo ranar Asabar da hantsi a kan babur, ya durƙusa gaban akwatin. Murfin gefe dama babu shi.

"Haule, wa ya ɗaure wagga ƴar fanka da roba?"

"Baban Yasmin."

"Na sani, bakina ne ya tambaya. Allah ya jiƙan shi, bai taɓa barin abu yadda ya ishe shi ba. Ke ma da ba ki iya kunna rediyo."

"Yaya Sada, duba min za ka yi ko tonon asiri?"

Ya kunna, ya shiga shafin da ake saita injin, ya daɗe yana karanta lambobi yana girgiza kai.

"Kin ga nan ƙarƙashin ƙatuwar fankar? Furosesa ce, ita ke aikin duka. Kamfani ya ce ta yi gudu kaza, mijinki ya ce bai yarda ba, ya ƙara mata. Ƙarin gudu ƙarin wuta ne, ƙarin wuta ƙarin zafi. Ya saya mata fankar da ta ishe ta, ita tata ta yi kyau. Amma madabod ɗin, faifan nan da komai ke zaune bisa, na talakawa ne. Ƴan baƙaƙen nan da ke ba ta wuta ba don wannan wahalar aka yi su ba. Ƙatuwar fankar kuma ta bisansu take hura iska, ta bar su suna gasuwa."

Ya haska mata da waya. Gefen faifan ya yi launin ƙanzo.

"To me ya sa kullum biyu da kwata?" Maganar ta fita kafin ta riƙe ta.

Sada bai ɗago ba. "Lokacin kwanon rufi ya gama shan rana. Ɗaga hannu ki ji."

Ba ta ɗaga ba. "Bara ma an yi bazara, ba ta mutu ba."

Wannan ta tsayar da shi. Ya bi inda ƴar fankar ke fuskanta, har idonsa ya faɗa kan wani zagayayyen tabo a siminti.

"Mi ke zaune nan da?"

Randa ce. Dikko yakan cika ta da kansa kowace safiya, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ita ta ɗauka son ruwan sanyi ne da ƙyuyar tashi. Ranar jana'iza mata suka ciccibe ta zuwa gindin darbejiya don masu ta'aziyya su sha, babu wanda ya mayar.

Sada ya yi dariya. "Daga jikin randa yake jawo masu iska. Hauka ce, amma ta yi aiki." Ya share hannu a wando. "Bari in mayar da furosesar yadda kamfani ya aje ta. Danna ɗaya ce. Za ta rage gudu, ta huta."

"Kar ka taɓa mashi."

"Haule, lambobi ne."

"Shi ya sa su."

Ya dube ta yadda ake duban marar lafiyar da ya ƙi allura. "To a maido randar. Amma ki ji ni da kyau: kowace mutuwa da take yi cin faifan take. Biyu ko uku suka rage mata. Wata mutuwar za ta yi, ba ta tashi."

Suka kinkimo randar tare, ta zauna daidai kan tabonta. Haulatu ta cika ta, ta jiƙa buhu. Sada ya yi azahar ya kama hanyar Kusada, ya gamsu kamar duk namijin da ya gano dalilin abu.

Ta zauna ta sa aiki. Biyu da minti goma. Biyu da sha huɗu. Ta ajiye hannuwa a cinya. Biyu da kwata ta zo ta wuce, fankoki suna ta juyi, amarya ta yi dariyarta har ƙarshe. Ashe wushirya gare ta. Kafin la'asar bidiyon ya kammala.

Kwana uku injin yana aiki kamar sabo. Bidiyon bikin ƙauyen Fakuwa ya fita, na Bauranya ya fita, masu shi suka yaba. Ɗakin ya koma ɗakin aiki: tebur, kujera, wayoyi, mace ɗaya. Babu wanda ya zo.

Ranar ta huɗu da safe ta kwashe ruwan randar da kofi, a hankali, ta zuba wa darbejiya. Ita kaɗai ta mirgina randar zuwa waje, ta shanya buhun a igiya. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura atamfar da ba ta taɓa ba tun kafin takaba. Ta zaɓi bidiyo mafi nauyi ta ɗora wa injin, ta rufe taga.

Zafi ya sauko daga rufi. Fankoki suka ɗaga murya. Ta kafa wa agogon kusurwar gilashi ido, gumi yana bin bayanta.

Gilashin ya yi baƙi. Ƙauri ya cika ɗakin.

"Sannu da zuwa," in ji Haulatu. "In ce wa wa?"

Ta jira har aka kira la'asar. Sannan ta miƙa yatsa ta danna. Ƙatuwar fankar ta juya rabi, ta tsaya.