Aljihu na Uku Daga Hagu

A masana'antar sabulun da nake gyaran wuta akwai wani ɗaki mai doguwar durowar ƙarfe. Kowane aljihu a jikinta mota ɗaya, wato mai juya inji, yake kula da ita: shi ke kunna ta, shi ke kashe ta, in ta ɗauki zafi ya yanke mata wuta kafin ta ƙone.

Shugabanmu a ɗakin tsoho ne, Kawu muke ce masa. Idonsa ya yi rauni, ni kaɗai na sani. Manaja ya sha faɗa cewa duk wanda ganinsa ya ragu ritaya za a yi masa, Kawu kuwa 'ya'yansa huɗu na makaranta. Saboda haka ya ƙi tabarau ƙememe, ya koma ƙirga aljihunan da tafin hannu. Na yi magana har na gaji.

Ran Asabar 'yan kwangila suka ƙara sabon layin aljihuna a gefen hagu. Ba wanda ya gaya masa, har da ni, kuma ina jin kunyar hakan.

Litinin da safe aka bugo waya: "A tsayar da famfon sabulu!"

Kawu ya shafa daga hagu, ɗaya, biyu, uku, ya murɗa. Sai bel ɗin da ke jan kwalabe ya tsaya cak, famfo kuwa ya ci gaba da tsiyaya abinsa. Kafin na ruga na kashe shi, kumfa ta kai wa ma'aikata gwiwa.

Manaja ya shigo wandonsa jiƙe sharkaf, ya nuna aljihun da Kawu ya murɗa.

"Karanta min abin da aka rubuta nan."

Kawu ya ƙura ido, ya yi gyaran murya.

"Matsa, ni in karanta maka!" in ji Manaja.

Manaja ya sunkuya. Ya ja da baya. Ya sake matsowa yana kanne ido ɗaya. Can ya waiga ƙofa, ya zura hannu cikin safarsa, ya zaro wani tabarau mai kaurin gindin kwalba.

"Bel," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Kawu ya miƙa hannu cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, in ka gama ara min. Ina so in ga wanda zai yi min ritaya."

Har yau yana aiki. Shago ɗaya suke sayen tabarau shi da Manaja.