Bip Uku Daga Tudun Alakos

Mushe Hamidu, malamin lissafi, ba ya son jin motsin waya a ajinsa, ko da ta ɗan gwamna ce. Wata biyu ke nan da aka turo shi Gure, amma ya riga ya cika aljihun teburinsa da wayoyin mutane, yana tafe yana kaɗa makulli kamar shi ya gina lakwal ɗin, wato makarantar.

Ɗalibarsa Zara ta san dokar sarai. Ta kuma san abin da Mushe bai sani ba. A rugarsu ta bayan Alakos babu rezo, waya ba ta kamawa sai a kan wani tudun yashi, tafiyar rabin awa daga bukkoki. Mai son magana sai ya hau can ya yi bip, wato ya bari ta yi ƙara ɗaya ya kashe, ya tsaya jiran a kira shi. Innarta na da cikin wata tara, kuma haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha. Don haka suka shirya da gwaggonta A'i: bip ɗaya lafiya lau, bip uku naƙuda ce, a kira maza-maza a ji hanyar da mota za ta biyo, don rugar takan tashi.

Ranar Talata ana tsakiyar lissafi wayar ta motsa cikin jakarta. Ɗaya. Biyu. Uku.

Zara ta miƙe. "Mushe, don Allah in fita. Innata ce."

"Kawo nan."

"Bip uku ne, Mushe. Naƙuda ce, suna jira in kira."

Ya duba wayar ya yi dariya, wallahi dariya ya yi. "Wanda uwarsa ke naƙuda bip zai yi? Kira zai yi! Samarinku dai. Zauna."

Ya kashe ta, ya jefa aljihun tebur, ya murɗa makulli. Husaina da ke gefenta ta ce, "Mushe, haka ake yi a daji," ya ce ita ma ta rufe masa baki.

Zara ba ta zauna ba. Ta ruga ofishin darakta, aka ce ya tafi taro. Ta roƙi mai gadi aron tasa, sai ga ta tsaye da waya a hannu ba lamba a kai, domin sabon layi A'i ta yi, yana can cikin wadda aka kulle. Ta dawo ta durƙusa a ƙofar aji tana kuka, haushi kamar ya fasa mata ƙirji. Shi ko gogan naku ya juya baya yana ta zana kusurwoyi a allo, wai kada yara su ga ya sassauta.

Sai ƙarfe ɗaya ya miƙa mata, har da nasiha. Ba ta tsaya ji ba. Ta kira fiye da sau goma, ba ya shiga, A'i ta sauka daga tudu tuni. Ta je tasha ta sami mai mota, ya ce, "'Yata, ina zan dosa a dajin nan ba kwatance?"

Suna tsaye nan wayar ta yi ƙara, wannan karon ba ta tsinke ba.

"Gwaggo! Ga mota, ta ina za mu biyo?"

"Na tsaya kan tudu har ƙafata ta ƙone, Zara," in ji A'i. "Ina kika shiga?"

"Gwaggo, Inna fa?"

"Ku biyo ta rijiyar Barmo. Kada ya yi gudu. Sai kin iso za a kai ta makwancinta."