Kilo Goma Sha Huɗu na Oga Gideon

Hudar ƙarshe ta bel ɗin Oga Gideon ta fara yagewa. Ya lura da ita ranar Alhamis da safe yana shirin tafiya asibiti, ya shafa ta da yatsa, ya yanke hukunci cewa fatar yanzu ba ta da ƙarko, damina ɗaya sai ta ƙanƙance. Bai kawo komai a ransa ba. Mutumin da ya rage kilo goma sha huɗu ba ya tsayawa gardama da bel.

Kilo goma sha huɗun nan a rubuce suke. Wata uku da rabi da suka wuce likita ya gaya masa sukarin jininsa ya hau, ƙwayoyi sun fara gazawa, idan bai rage ƙiba ba allura ce za ta biyo baya, kullum, da hannunsa, a fatar cikinsa. Gideon ya yi shekara talatin da biyar a aikin gwamnati, ya tsaya gaban daraktoci da kwamishinoni ƙafarsa ba ta yi rawa ba, amma ranar da ya kai jikarsa rigakafi shi aka yayyafa wa ruwa. Saboda haka a makon nan ya shiga Ƙungiyar Sassarfa ta Asabar, wadda mutanen unguwar Nasarawa suka fi sani da Rage Tumbi.

Su kusan ashirin ne, yawancinsu masu ritaya ko masu jiran ta. Suna haɗuwa a filin wata firamare ƙarfe shida da rabi. Ciyaman ɗinsu Alhaji Bashir, dillalin motoci, daga Unguwar Sanusi yake zuwa a jif, ya faka daf da ƙofar filin don kada ya gaji kafin a fara. Mai horar da su kuwa Koci Tony ne, wanda ya ce ya taɓa horar da 'yan ƙwallo a Legas, ko da yake sunan kulob ɗin yana canzawa daga mako zuwa mako.

Ilimin Tony guda ɗaya ne, kuma ba shi da wuyar haddacewa: gumi kitse ne da ya narke. Don haka kowane ɗan ƙungiya sai ya huda baƙar ledar shara, ya zura kai da hannuwa, ya ɗora riga a sama. Tony ya ɗora mutum a sikeli kafin gudu, ya sake ɗora shi bayan gudu, ya rubuta bambancin a littafi. Bambancin kaɗai. Lambar farko shi ɗaya yake gani, yana kare ta da tafin hannu, wai ganinta yana karya gwiwa. A nan kuwa babu wanda ya kai Gideon. Kafin su kai tsofaffin masaƙun Kakuri su juyo, ledarsa ta cika ta fara zuba cikin takalmi. Duk Asabar kilo ɗaya, wani lokacin har da ɗoriya.

Bayan awo sai abin da suke kira mayar da ƙarfi, a rumfar Kulu mai masa da ke bakin filin. Kowane mako mutum ɗaya ke ɗaukar nauyin kowa, kuma ba mai son a ce Asabar ɗinsa ta fi ta wani rama. Da masa da miyar taushe aka fara, aka ƙara farfesun kayan ciki, sannan wani ya shigo da lemon kwalba bibbiyu. Kulu ta sake rufin rumfarta a wata na biyu.

A asibiti, ranar Alhamis ɗin nan, likitan ya dubi sakamakon gwajin jini, ya tura shi ɗaki na ƙarshe wurin mai kula da abincin marasa lafiya. Wata siririyar yarinya ce mai tabarau, Patience aka rubuta a ƙirjin rigarta.

"Baba, bismilla, hau sikeli."

"'Yata, ba sai kin wahala ba. Ɗari da huɗu nake da farko. Cire goma sha huɗu."

"To, Baba. Amma dai a hau."

Ya cire takalmi, ya cire agogo, ya ajiye makullin mota, ya hau. Ɗari da bakwai.

"Sikelinku ya lalace."

Ba ta musa ba. Ta kai shi ɗakin da ke kusa ya hau wani. Wannan ma, da alama, ya lalace daidai da na farko.

Da suka dawo ta ba shi kujera, ta ce ya ba ta labarin Asabar ɗinsa tun daga fitowa gida. Ya ba ta, da alfahari da farko. Da ya zo kan leda sai ta cire tabarau ta shiga goge shi, ta daɗe tana gogewa.

"Baba, abin da ke zuba a ledar nan ruwa ne da gishiri. Babbar gorar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Ka zubar da ita a hanya, ka mayar da ita a rumfa. Kilo ɗaya ne ka yi ta ragewa sau goma sha huɗu, shi ɗin dai. Kuma da sukari irin naka, ledar nan za ta iya kayar da kai a titi."

"To kitsen fa? Ta ina yake fita?"

"Jiki yana ƙona shi ne a hankali, idan abin da ka ci bai kai abin da ka kashe ba. Yawancinsa ta numfashi yake fita. Gudun naku kilomita nawa ne?"

"Huɗu. Da ɗan hutawa."

"Masa nawa kake ci?"

Ya ce shida. Ta dube shi ta saman tabarau. Ya ce takwas.

"Gudun nan gaba ɗayansa bai wuce kuɗin masa huɗu ba, in an haɗa da mai. Sauran huɗun, da farfesu, da lemo biyu, duk ajiya ka yi. Sannan ka ce daga Lahadi zuwa Juma'a ba ka motsi."

"Koci ya ce jiki yana bukatar kwana shida ya warware."

Ta rubuta wani abu a takarda, ba ta ɗago ba. Ta ce naman jiki idan yana aiki yana janye sukari daga jini, amma ba ya yin na mako guda a rana ɗaya. Tafiyar rabin awa kullum bayan cin abinci ta fi masa wannan wahalar ta Asabar, gudun ma ba laifi in babu leda kuma babu walima. Likita ya yarda a ƙara masa mako shida. In gwaji na gaba bai sauka ba, za a koya masa yadda ake tsira allura.

"In ba ka yarda da ni ba, Baba, ranar Asabar bayan awo ka shanye babbar gora, ka sake hawa."

Daga Alhamis zuwa Asabar Gideon bai gaya wa kowa ba. Ya yi ta juya maganar. Ba yarinyar yake jin haushi ba, bel ɗin yake jin haushi, da ya san gaskiya tun tuni. Wani abin kuma, tun da ya bar ofis wayarsa ta daina ƙara, mai gadin ma'aikatar ma ya manta fuskarsa. A filin firamaren nan kaɗai ake ce masa Oga har yanzu, a matsa masa a benci.

Ranar Asabar ya sa ledarsa kamar kullum, don bai san yadda zai iso babu ita ba. Aka yi gudu. Alhaji Bashir ya yi rabin hanya, direbansa ya biyo shi a hankali da jif, ya ƙarasa sauran a ciki da gilashi a rufe, wai zafin mota ma yana narkar da kitse. Aka dawo aka yi layi a gaban sikeli.

"Oga Gideon, kilo ɗaya da ɗigo biyu!" in ji Tony da ƙarfi. "Jama'a, goma sha biyar ke nan da 'yan kai. Ku tafa wa gwarzon wata!"

Aka tafa. Wani ya yi fito. Gideon ya sauka, amma bai yi nisa ba. Ya ɗauko gorar da ya zo da ita, ya kafa kai, ya sha, ya huta, ya sake sha, har ta ƙare. Kowa ya zuba masa ido, don Tony ya hana shan ruwa kafin a rufe littafi. Ya koma kan sikelin.

"Koci, duba mini."

Tony ya sunkuya, ya miƙa tafin hannu zai kare. Gideon ya ture hannun a hankali.

"Karanta mana, da ta ɗazu kafin gudu, da ta yanzu."

Alhaji Bashir ne ya leƙa ya karanta, don Tony ya shiga neman biro a aljihu. Ɗari da bakwai saura kaɗan. Ta kafin gudu kuwa, da aka matsa wa Tony, ya ce ɗari da bakwai ce.

"Da na shigo ƙungiyar nan ɗari da huɗu nake," in ji Gideon. "Ina kilo goma sha biyar ɗina?"

Nan ya kwashe abin da Patience ta gaya masa ya faɗa, da ruwa da gishiri, da masa huɗu, da maganar numfashi. Yana magana yana ganin yadda kowa ke ɗan shafa cikinsa a ɓoye.

Tony ya farfaɗo. "Oga, ruwan nan da ka sha mai sanyi ne?"

"Da ɗan sanyi."

"Shi ke nan! Kitsen da ya narke bai gama fita ba ka zuba masa ruwan sanyi. Ka taɓa ganin man shanu a firji? Ka daskarar da aikin safiya guda."

Wani tsohon malamin lissafi, wanda ya koyar shekara talatin, ya gyaɗa kai ya ce wannan magana akwai hankali a ciki.

"Kuma ukun da ka ƙara tsoka ce," in ji Tony, ya matsa damtsen Gideon, yatsunsa suka nutse. "Tsoka ta fi kitse nauyi. Ita yarinyar ta taɓa horar da wani? Wai ta numfashi! In haka ne, Oga, koma gida ka zauna a kujera ka yi ta haki."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da aka ɗauke wa kaya daga ka. Alhaji Bashir har da riƙe ƙugu. Da ya lafa sai ya dafa kafaɗar Gideon, ya rage murya.

"Oga Gideon, kai babba ne. Mutanen nan kowa yana da lambarsa a littafi, ni sha ɗaya gare ni, Hajiya ta sani, surukaina sun sani. Yau ka ce ruwa ne? Haba. 'Yan asibiti aikinsu ke nan, in ba su tsorata ka ba wa zai koma wurinsu? Zo mu je, yau Asabar ɗina ce, rago na sa aka yanka."

Tony ya buɗe littafi ya rubuta kilo ɗaya da ɗigo biyu a gaban sunan Gideon, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

A rumfa an haɗa bencina. Aka zaunar da Gideon a tsakiya, wurin gwarzo. Kulu ta kawo masa faranti na musamman, masa goma sha biyu an jera su kamar furen biki, mai yana ƙyalli, ga kwanon farfesun rago yana tururi, ga lemo biyu masu raɓa. Da ta sunkuyo ajiyewa ta ce a hankali, "Baba, ni dai tun da kuka fara ban ga wanda wandonsa ya yi masa yawa ba. Amma ni mai sayarwa ce." Ta wuce.

Gideon ya dubi farantin. Ya ƙirga huɗu da ido, ya ga inda gudun safiya ya ƙare, sauran takwas suna zaune suna jiransa. Ƙanshin ya shige shi har ya ji yawu ya taru. Ya tuna mako shida. Ya tuna yadda aka ce ana kama fatar ciki da yatsu biyu kafin a soka. A gefensa malamin lissafi yana bayyana wa wani yadda sanyi ke daskarar da mai, yana kwatance da ƙashin rago. Tony yana tsaye yana cewa mako mai zuwa za a koma leda biyu-biyu. Alhaji ya ɗaga kwalba ya ce a yi wa gwarzo addu'ar kaiwa kilo ashirin, Musulmi suka shafa, Kirista suka ce amin, cokula suka fara ƙara.

Ba wanda ya ga lokacin da Gideon ya zura hannu ƙarƙashin riga ya yage ledar ta gefe. Ya zaro ta, ya ninke ta sau huɗu, ya ajiye a inda ya tashi. Ya tura farantin gaban malamin lissafi, wanda ya jawo shi ba tare da ya daina magana ba.

A bakin titi wani mai keken haya mai ƙafa uku ya rage gudu ya yi masa hon. Gideon ya girgiza kai. Ya gyara bel ɗinsa a hudar da ta yage, ya dubi agogo, ya kama hanyar gida a ƙafa.