Rigar da Aka Wanke

Duk shekara, ranar da jirgin ƙasa ya rufta daga kan gada, ba a buɗe shago a unguwar. Manya na can a rediyo suna jawabi, su kuwa mutanen layin tasu tunawar daban ce. Igiya suke ɗaurawa daga wannan baki zuwa wancan, duk wanda ya yi rashi ya fito da tufa ɗaya ta mamacinsa ya shanya. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka wankin gayya aka yi.

Goggo ma tana da riga a igiyar nan. Ta ɗanta ce, wanda yake kwaɓa fulawa a gidan burodin ƙarshen layi. Ranar da zai hau jirgin ya tuɓe ta ya rataye a bayan ƙofa, ya ce a bar masa, in ya dawo zai wanke. Ruwa ya tafi da shi, ko gawarsa ba a samu ba, balle kabarin da za ta ziyarta. Sai ta ƙulle rigar cikin leda a ƙasan akwati, da hayaƙinta da yis ɗinta da gumin ɗanta. In kewa ta ci ƙarfinta, takan kwance bakin ledar kaɗan ta shaƙa, ta yi maza ta ɗaure, kamar mai tsoron kada turare ya ƙare.

Bana autarta ta zo daga gidan miji don a yi tunawar da ita. Auta kuwa mace ce da ko sabulu ta gani sai ta ɗauraye shi. Bara ta ji maƙwabta suna gulmar cewa rigar yayanta ce mafi dauɗa a igiyar, abin ya tsaya mata a rai. Kafin Goggo ta dawo daga gaisuwar maƙwabta, ta wanke rigar tas, ta goge, har da ninki.

Goggo ta karɓa ta kai hanci. Sabulu ne kawai. Ta duba wuya, ta duba hammata, ko'ina sabulu. Ga Auta tsaye tana murmushi, tana jiran a yaba. Garin neman gira an rasa ido, amma wa za ta yi wa faɗa? Ta sa mata albarka, ta fita da rigar ta shanya.

Mai Burodi ne ya fara lura, tsohon ubangidan ɗanta, wanda bakinsa ba ya shiru.

"Goggo, yau yaron nawa kwalliya ya ci? Ni ban taɓa ganinsa da farar riga ba."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta gaya masa abin da ta rasa. Sai ya cire rigar daga igiya ya wuce da ita. Ba a jima ba aka ga hayaƙi na tashi daga gidan burodi, a ranar da ba a hura wuta. Mutane suka dubi juna. Shi kaɗai ya yi kwaɓi ya yi gashi, rigar na rataye a ƙusar da mai ita yake rataye ta, kusa da bakin tanda.

Da yamma, ana kwance igiya, ya kawo mata ita da ɗuminta. Auta na gefe idanu jajir, ta riga ta ji labari. Goggo ta binne fuskarta a cikin rigar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ya yi?" in ji Mai Burodi a hankali.

"Hayaƙin ya dawo, Malam. Burodin ma ya dawo." Ta sake shaƙa, ko za ta dace. "Shi ne dai bai dawo ba."