Ƙananan Bututun Firmin

"Danna," in ji Firmin Gaudrel daga saman tsani.

'Yarsa Honorine, wadda ta shekara ashirin tana taya shi aiki, ta danna madanni na ƙarshe. A baya tsoho Gaspard, ma'aikacinsu, yana taka zugazugin da ke ba bututun iska yana haki. Gobe Lahadi bishop zai sa wa sabon ogan ɗin cocin albarka, babban abin kiɗa mai bututun kuza da dalma dubu da ɗari biyu, aikin shekara uku. In sautinsa ya yi muni, ba cocin da zai ƙara kiran Gaudrel a duk yankin Burgundy.

Manyan bututun sun zauna daidai. Ƙananan ne, masu tsawon yatsa, suka gagare shi tun safe.

"Wannan ma bebe ne," ya ce. Ya zare shi, ya faɗaɗa hujin iskarsa, ya mayar.

"Baba, ihu fa yake yi."

"Shekara hamsin da kunnen nan nake cin abinci."

"Maigida, ni dai har haƙorina ya amsa," Gaspard ya ɗaga murya. "Karen limamin cocin ma ya gudu."

"Taka kawai, jaki. Ƙafarka na ɗauka aiki, ba bakinka ba."

Maƙeran ogan haka suke. Ido in ya gaji, su sayi tabarau. Kunne kuwa ba ya tsufa, sai dai bututu ya lalace.

Ya ƙara faɗaɗa hujin. "Danna." Ya karkata kai, ya lumshe ido yadda yake yi in akwai 'yan kallo. Ya daɗe a haka.

"Yawwa. Yanzu ya yi. Kin ji zaƙi?"

Ya leƙa ƙasa. Hannuwan Honorine duka biyu suna kan cinyarta. Gaspard yana zaune a matakala da burodi da cuku, ya daina tauna.

"Tun yaushe?"

"Gaspard ya sauka daga zugazugin tun kafin ka ce in danna, Baba. Babu iska."

Firmin ya dubi ɗan bututun.

"To. Wannan dai ba mai kushe shi," ya ce.

Ya sauko a hankali, ya miƙa mata kayan aikinsa.

"Hau. Bututu sittin na ɓata. Rage hujinsu. Kai kuma ajiye cukun nan."

"Kai fa, Baba?"

Ya zauna a kujerarta, ya ɗora yatsa a kan madanni.

"Ni zan danna. In za ki ce in danna, ki ɗaga murya."